Bangaskiya a Ranar Wuya

 Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, iyaye maza da iyaye mata, matasa da yara, da wanda ya rataya rediyonsa a gona, da wadda take jin mu a bakin murhu, da waɗanda suke kwance a asibiti tare da masu jinyarsu. Maƙwabtanmu Musulmi da kuka tsaya a kan wannan tasha, ku ma sannunku da zuwa, ku zauna mu yi tare.

Akwai tambayar da ba a cika ɗaga hannu a yi ta a cikin majami'a ba, amma ana yin ta da dare bayan an kashe fitila. In dai Allah yana ƙaunata, me ya sa wannan abu ya same ni? Gwauruwa tana yin ta, mai ɗa sikila yana yin ta, manomin da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga shi ma yana yin ta. Ita ce za mu zauna a kai yau.

Sai dai kafin mu taɓa maganar wahala, dole mu fara daidaita abin da muke kira bishara, domin a nan ne ƙafar mutane da yawa take zamewa. Manzo Bulus ya taƙaita ta a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 55, lokacin da gicciye bai wuce shekara 25 da faruwa ba. Abin da ya lissafa ke nan: mutuwar Almasihu saboda zunubanmu, da binne shi, da tashinsa a rana ta uku, da mutanen da suka gan shi da idonsu bayan ya tashi. Ya ambaci Bitrus, ya ambaci sha biyun, ya ambaci taron da ya haura mutum 500, har ya ƙara da cewa yawancinsu suna nan da rai a lokacin da yake rubutun. Wato mai shakka yana iya kama hanya ya je ya tambaye su.

Me ya kawo wannan mutuwa? Ɗan Adam ya juya wa Mahaliccinsa baya, kuma kowannenmu ya san haka a cikin zuciyarsa ko da bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Mun yi ƙarya, mun ci amana, mun ƙi ɗan'uwa, mun ɗora son kai a inda ya kamata Allah ya zauna. Ba mu da abin da za mu biya da shi. Sai Allah da kansa ya ɗauki nauyin, ya zo cikin jiki irin namu, ya karɓi hukuncin da yake kanmu. Kamar mutumin da bashi ya yi wa katutu ne, ya je kanti kansa a sunkuye, mai kanti ya buɗe littafin bashi ya nuna masa an ja layi a kan sunansa, wani ya riga ya biya. Wannan shi ne alheri. Ba a sayensa da baiko, ba a sayensa da azumi ko yawan zuwa sujada. Tuba ake yi, a ba da gaskiya, a karɓa.

To, ku dubi hanyar da wannan ceto ya biyo. Gicciye hukunci ne da Romawa suke yi wa bayi da 'yan tawaye, kuma saboda muninsa ba a saba yi wa ɗan ƙasar Roma ba. A bakin hanya ake kafa shi don masu wucewa su gani su shiga taitayinsu. Bilatus, wanda ya yanke wa Yesu hukunci, ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, kuma har Tasitus, marubucin tarihin Roma wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta cewa a hannun Bilatus aka kashe Almasihu. A daren da za a kama shi, Yesu ya durƙusa a Getsamani ya roƙi Uban har sau uku ya ɗauke masa abin da ke gabansa in da hali, sa'an nan ya miƙa kansa ga nufin Uban. Ba a ɗauke ba. Abokansa suka watse, aka yi masa shaidar zur, aka tofa masa yawu, aka yi masa bulala. A kan gicciyen ya ɗaga murya da kukan wanda aka yashe, kukan da ya buɗe Zabura ta 22.

Ku riƙe wannan da kyau, domin duk sauran maganar a kansa ta rataya. Wanda Allah ya fi ƙauna, wanda ba a sami laifi ko ɗaya a gare shi ba, shi ne ya sha wuyar da ta fi ta kowa. Saboda haka ba wanda yake da ikon duban wahalarka ya yanke cewa Allah ya yi fushi da kai. Da wahala ce ma'aunin fushin Allah, da Yesu ne Allah ya fi ƙi, kuma kabarin da aka tarar ba kowa a ciki ranar Lahadi ya ƙaryata hakan.

Amma ku zo mu shiga gidan makoki a unguwanninmu mu ji abin da ake faɗa. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, 'yan zumuntar mata sun ɗora tukwane, maza suna zaune a kan benci a ƙofar gida. Uwar da ta binne ɗanta da safe tana jingine da bango, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba. Sai wata ta matso kusa da ita, ta rage murya ta ce, "'Yar'uwa, ki bincika kanki fa. Ko akwai abin da ba ki tuba ba?" Wata kuma ta ce ai da an kai yaron wurin wane an yi masa addu'a da bai mutu ba. Kafin yamma an fara raɗe-raɗin kishiya ko wata tsohuwa a dangi. Iyayena mata, ina roƙonku da girman Allah, ku daina. Wannan magana tana kashe mutum sau biyu.

Tsohuwar cuta ce kuwa. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo masa jaje suka zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 ba wanda ya ce uffan, kuma wannan shirun shi ne mafi alherin abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki sai suka dage cewa lalle akwai zunubin da ya ɓoye. A sura ta 42 Allah ya tsawata musu, ya ce abin da suka faɗa a kansa ba daidai ba ne, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Almajiran Yesu ma sun faɗa wannan rami. Da suka ga mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura ta 9, tambayarsu ta fari ita ce laifin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa, Yesu kuwa ya wanke su duka. A Luka sura ta 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiya ta faɗo wa a Siluwam, ya ce kada kowa ya ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi.

Akwai kuma wa'azin da ya yi yawa a zamanin nan, wanda yake cewa in ka ba da gaskiya sosai, ka kuma shuka iri mai kauri a cikin kwanon baiko, ciwo da talauci ba za su kusance ka ba. Na ƙi wannan wa'azi, kuma ina faɗa a fili. Yana karɓe ɗan abin da talaka yake da shi, ranar da ciwon ya ƙi tafiya kuma ya bar shi da laifi a ka, wai bangaskiyarsa ce ta gaza. Wa ya kai Bulus bangaskiya? Shi da bakinsa ya lissafa a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa: sau 5 aka yi masa bulala 39, sau 3 aka doke shi da sanduna, sau ɗaya aka jefe shi da duwatsu, sau 3 jirgin ruwa ya farfashe da shi. Yana kuma da wata damuwa a jikinsa da ya roƙi Ubangiji sau 3 ya raba shi da ita. Ba a raba shi da ita ba, an dai ba shi alherin da zai ɗauke ta.

Kada wani ya ce na hana roƙon warkarwa. Allah yana warkarwa, yana kuɓutarwa, mu roƙa da dukan zuciya, mu kuma kai marar lafiya asibiti a kan lokaci. Sai dai ku buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 12 in kun koma gida. A farkonta sarki Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Bayan 'yan ayoyi kaɗan ya kama Bitrus, ya sa soja 16 su yi gadinsa, amma da dare mala'ika ya fitar da shi. Sura ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu da Yesu ya kira a bakin teku ɗaya. Ɗaya ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofar masu addu'a, ɗaya kuma aka binne shi. Littafin bai ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba, bai kuma ba mu dalilin bambancin ba. Mu ma bai kamata mu ƙirƙiro dalilin da Allah bai faɗa ba.

Mu a ƙasar nan ba sai an kai mu nesa ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta fara ne da sujada a gindin tsamiya a Garkida a watan Maris na 1923. Daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ekklesiya. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram suka mamaye hedikwatarta a Kwarhi, shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos. A farkon Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, a ƙaramar hukumar Michika ta Jihar Adamawa. Waɗanda suka kama shi suka ɗauke shi a bidiyo. Duk wanda ya kalli bidiyon ya ga mutum zaune a natse, muryarsa ba ta rawa. Ya nemi a yi ƙoƙarin fitar da shi, ya nuna yana so ya koma ga matarsa da 'ya'yansa, amma ya bayyana cewa bai karaya ba domin duk halin da mutum ya shiga a hannun Allah yake, ya kuma roƙi a kula masa da yaransa in bai dawo ba. Ikilisiyoyi sun yi addu'a, sun yi azumi. Ranar 20 ga watan aka kashe shi.

Wa zai tsaya gaban iyalinsa ya ce bangaskiyarsa ce ta yi kaɗan? Abin da ya riƙe shi a wannan wuri shi ne abin da muka fara da shi. Ya san an riga an biya bashinsa, ya san wanda yake bi ya shiga kabari ya fito, saboda haka masu riƙe da shi ba su da ikon taɓa abin da ya fi masa daraja. Bishara ba ta cire shi daga hannunsu ba, amma ta hana su mallakar zuciyarsa.

Yanzu, yaya mutum zai zauna da aminci a cikin wuya? Ka fara da kuka in kuka ya zo maka. Mun saba da cewa "sai haƙuri" tun kafin mutum ya gama zubar da hawayen farko, wasu ma suna ganin kuka rashin bangaskiya ne. Yesu ya yi kuka a bakin kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi a ranar. Cikin Zabura 150 da muke da su, da yawa kuka ne da ƙorafi, ta 88 ma ta ƙare ba tare da kalmar ta'aziyya ko ɗaya ba, kuma Allah ya bar ta a cikin littafinsa. Wanda yake kai ƙararsa gaban Allah bai rabu da Allah ba. Wanda ya kamata mu ji wa tsoro shi ne wanda ya yi shiru ya daina addu'a gaba ɗaya.

Daga nan ku biyo ni kurkukun Filibi, a Ayyukan Manzanni sura ta 16. An tuɓe wa Bulus da Sila riguna a bainar jama'a, an yi musu dukan kawo wuƙa, an jefa su can ɗakin ciki, an sa ƙafafunsu a turu. Bayansu duk jini, ba halin kwanciya. Da tsakar dare sauran fursunoni suka ji su suna addu'a suna waƙar yabo. Ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe. Mai gadin kurkukun ya farka, ya ɗauka kowa ya gudu, ya zare takobi zai kashe kansa don ya san abin da zai biyo baya. Wannan fa shi ne mutumin da ya ɗaure su da hannunsa. Da Bulus ya yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, da an gama. Sai ya ɗaga murya ya hana shi. Kafin gari ya waye mai gadin ya ɗebo ruwa yana wanke musu raunuka, aka yi masa baftisma shi da iyalinsa, ya kuma kawo musu abinci a gidansa.

Matasa, da ku nake. Na san zafin da ke zuciyarku in aka ƙone ƙauyenku, aka kuma wuce ba wanda aka kama. Amma ranar da kuka tare hanya kuka fitar da matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai sunansa ko rigarsa, a ranar kun bar bin Yesu, ko da gicciye na rataye a wuyanku. Jinin wannan matafiyi ba zai tayar da ɗan'uwanku ba. Ku tuna kuma cewa masu kisan nan sun kashe Musulmi masu ɗimbin yawa, sun ƙone masallatai, sun kashe limamai. Ku tuna da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta Jihar Filato. A watan Yunin 2018, da mahara suka shigo yankin, ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai ya ƙi ba da su, alhali shi dattijo ne da ya haura shekara 80. In maƙwabcinmu ya sa ransa a kanmu haka, da wace fuska za mu yi wa dukan Musulmi kuɗin goro?

Yafewa kuma ba ta hana neman gaskiya. Labarin Filibi bai ƙare da dare ba. Da safe mahukunta suka aiko a sake su a asirce, Bulus ya ƙi fita. Ya ce an doke su a fili ba tare da shari'a ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, saboda haka sai mahukuntan sun zo da ƙafarsu. Suka kuwa zo suka ba su haƙuri. Mutumin da ya ceci ran mai gadinsa da dare shi ne ya tsaya a kan haƙƙinsa da safe. Don haka Kirista yana iya kai ƙara, ya rubuta koke, ya tambayi gwamnati ina tsaron da ta yi alkawari, ya nemi a hukunta mai laifi, duk ba tare da ya ɗauki adda ba.

Wannan ya shafi cikin gida ma. Matar da mijinta yake dukanta, kada wani dattijon ikilisiya ya ce mata wannan ne gicciyenta, ta koma ta yi shiru. Zalunci ne, kuma aikin dattawa ne su kāre ta, su kira mijin ga tuba, in ta kama a kai maganar gaban hukuma. Haka gwauruwar da dangin miji suka kwashe mata gona da kayan ɗaki tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Ba wa'azin haƙuri take bukata ba, mazajen da za su raka ta wurin mai unguwa take bukata. A ɗaya gefen kuma, Bitrus a wasiƙarsa ta fari, wadda ya aika wa masu bi da ke warwatse a yankunan da yau suke cikin ƙasar Turkiyya, ya raba shan wuya saboda Almasihu da shan wuya saboda laifin kai. Wanda aka kora daga aiki don ya ci kuɗin ofis kada ya zo ya ce ana tsananta masa saboda addini. Ya tuba, ya mayar da abin mutane.

Mun saba cewa bayan wuya sai daɗi. Wani lokaci haka ne tun a nan duniya, wani lokaci kuma mutum yakan mutu da ciwonsa, ba kuwa zan yi muku alkawarin da Allah bai yi ba. Alkawarin da ya yi shi ne yana tare da nasa a cikin wuyar, kuma yadda ya ta da Yesu da jiki haka zai ta da su. Mama, ke da kika binne ɗa, da wannan nake ta'azantar da ke, domin ba ni da abin da ya fi shi, kuma na gaskata shi da dukan raina. Kai kuma da kake jin mu ba ka taɓa miƙa ranka ga Almasihu ba, ba sai ka gyara kanka tukuna ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka gicciye tare da shi ya juyo gare shi a sa'arsa ta ƙarshe, ba shi da aikin kirki ko ɗaya da zai nuna, aka kuwa karɓe shi.

Lokaci ya kusa cika, saura roƙo ɗaya. Kowannenmu ya san gida ɗaya a unguwarsu da masu gaisuwa suka daina zuwa, domin kwanakin makoki sun wuce kowa ya koma harkarsa, ko ɗakin da mai dogon ciwo yake kwance har an gaji da tambayar jikinsa, ko iyalin da suka gudo daga ƙauye suna raɓe a kangon wani. Kada makon nan ya fita ba ku je ba. Ku riƙa mudun masara ko ɗan kuɗin magani, gwargwadon ƙarfinku. In kun isa ku zauna, ku bar mutumin ya yi magana, kada ku kawo masa dalilin abin da ya same shi. In Musulmi ne maƙwabcin, ku je duk da haka. Fastoci da shugabannin zumunta, ku rubuta sunayen gwauraye da marayun ikilisiyarku, ku raba wa mutane wanda kowa zai riƙa dubawa har shekara ta zagayo.

A nan za mu dakata. Allah ya ta'azantar da masu makoki, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya dawo da waɗanda suke hannun masu garkuwa.